Buzuzun Zinariya: motar da ta tsufa a hannun masu ita

Ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar ƙirar Citroën suka tashi daga Tugurt, a Aljeriya, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. Su ne motoci na farko da suka ƙetare Sahara daga arewa zuwa kudu. Tayoyi biyu gare su a gaba, a baya kuma bel na roba mai kama da na tankin yaƙi, dabarar injiniya Adolphe Kégresse. Wadda jagoran tafiyar, Georges-Marie Haardt, ya hau an raɗa mata suna Scarabée d'Or, wato Buzuzun Zinariya. Bahaushe dai ba zai yi wa abin hawansa kirari da buzuzu ba.

Mu mutanen Arewa wannan labari ya shafe mu. Nasarar tafiyar ce ta sa aka shirya ta biyu, Croisière Noire, inda motoci takwas suka bar Kolom-Beshar ranar 28 ga Oktoba 1924, suka sauko Yamai, suka kama hanyar Damagaram, hedikwatar mulkin mallaka a lokacin. Hanyar nan ita ce mai ratsa Dosso da Dogon Dutsi. Shekaru 25 kacal ke nan bayan da sojojin Voulet da Chanoine suka ƙone Lugu, garin Sarauniya.

Buzuzun 1922 yana gidansu, amma gidan ya yi ta canza hannu. Haardt ya rasu a Hong Kong a 1932. Kamfanin ya karye a ƙarshen 1934, Michelin ya karɓe shi, André Citroën ya rasu a 1935. Peugeot ya mallake shi a 1976, Stellantis ya gaje shi a 2021. Ƴar'uwarta Croissant d'Argent, ta Louis Audouin-Dubreuil, an ajiye ta a gidan tarihin garinsu, Saint-Jean-d'Angély.

Da cikar kamfanin shekaru 100 ta gabato, ba a taɓa tsohuwar don ta sake hawa hanya ba. Ɗaliban makarantar injiniyoyi ta Arts et Métiers da na wata makarantar koyon sana'a suka auna ta gaɓa-gaɓa, suka ƙera sabuwa mai kama da ita sak, aka nuna ta a 2019. A ganina sun yi daidai: ƙarfen da aka sabunta ya daina ba da shaida.

Abin da ke damuna, ni mai koyarwa, shi ne rashin daidaiton ajiyar. An san sunan kowace mota da wanda ya jagorance ta. Léon Poirier ya ɗauki fim, Alexandre Iacovleff ya zana sarakuna. Amma hanyoyin ƙasarmu na wancan zamani da aikin tilas ake share su, kuma ba a soke shi ba sai a 1946. Talakawan da suka sare geza da sabara suka kwashe duwatsu a Dallol Mauri, ba su da ɗaki a gidan tarihin kowa. Jikokinsu ne ke zaune gabana a aji kowace safiya.