Wake, Ƙwaro da Guba: Yadda Aka Kai ga Buhu Mai Rufi Uku

Wahalar noman wake ba ta ƙarewa ranar da aka gama roro. Ƙwaron da ke cin sa a ɗakin ajiya tun daga gona yake biyo shi. Macen takan zuba ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta yi zamanta tana ci har ta girma ta fito. Cikin mako uku zuwa huɗu sabon zubi ya ƙyanƙyashe, shi ma ya kama nasa aikin. Buhun da aka ɗinke tas da kaka, kafin bazara ta yi nisa ya koma huje-huje da gari. Ga shi kuwa da kaka wake ba ya daraja, sai damina ta kankama kuɗinsa ke tashi. Manomi ko dai ya sayar da araha, ko ya ajiye ya yi caca da ƙwaro. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na bi mata, don haka rikicin namu ne fiye da na kowa.

Mutanen da suna da dabarunsu: a cuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka ko yashi mai laushi, a zuba barkono, a liƙe bakin tulu da laka, ko a bar shi cikin kwansonsa a rumbu. Toka tana aiki sosai, amma sai an sa ta kusan daidai da yawan waken. Wannan ya ishi uwargida mai ajiye 'yan tiyoyi na iri da na ɗanwake. Ɗan kasuwar Dawanau mai ɗaruruwan buhuna a sito fa, ina zai samo tokar?

Amsar da zamani ya kawo daga gonakin koko ta fito. A shekarun 1950 aka baza wani magani mai suna Gammalin 20, na kamfanin ICI na Ingila, a Ghana da yammacin Najeriya domin kashe ƙwarin da ke tsotse bishiyar koko. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, ba ya saurin lalacewa, kuma yakan taru a kitsen jikin mutum da na dabba. Don feshin itace aka yi shi, amma da ya shiga kasuwa kowa ya nema masa nasa amfanin. Masu hatsi suka riƙa barbaɗa shi a buhu. Wasu masunta, waɗanda da can ganyen magimfa suke dakawa su zuba a ruwa kifi ya bugu, suka koma tsiyaya Gammalin a rafi da tafki; kifi ya taso ciki sama, manya da 'ya'ya, a kwashe a kai kasuwa, ruwan kuma shi ne na sha a ƙauyen da ke gangare. Sai a 1992 dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta haramta su da guba ko nakiya a faɗin Najeriya. Bayan Gammalin aka shiga zamanin fiya-fiya, wanda galibi dichlorvos ne ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ba suna ba tambari, da ƙwayar Phostoxin da ya kamata ƙwararre kaɗai ya taɓa, amma ake jefa ta a buhu a ɗakin da yara ke kwana.

Hukuma kuwa kullum ihunta bayan hari ne. An kafa NAFDAC a 1993, rajistar magungunan ƙwari na cikin aikinta. Ƙasashen Sahel, har da Nijar, sun riga sun amince da dokar bai-ɗaya a 1992 ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, kwamitinsu na tantance magunguna yana zama a Bamako. Sai dai rajista a ofis ake yin ta, maganin kuwa a kan faifai ake kasa shi ranar kasuwa, kusa da mai gishiri. A 2008 mutum sama da 100 suka kwanta asibiti a Bekwarra ta jihar Kuros Riba bayan cin wake da alala, yara biyu suka rasu. A shekarar ce ɗalibai mata sama da 100 na wata sakandaren gwamnati a Doma, jihar Gombe, suka faɗi ciwo bayan cin wake. Daga nan NAFDAC, lokacin Dora Akunyili, ta sanar da haramta magunguna 30, lindane na ciki. A 2009 aka sa shi cikin Yarjejeniyar Stockholm, wadda ke ƙoƙarin kawar da irin waɗannan sinadarai a duniya.

A ganina abin da ya fi rage guba a tukunyar talaka ba daga waɗannan sanarwoyi ya fito ba. Tun 1987 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, ya fara aiki da masu binciken noma na Kamaru a Marwa, suna neman hanyar ajiye wake ba magani. Sun gwada shanya shi a kan baƙar leda a rufe da fara, zafin rana ya kashe tsutsar. Sun auna aikin toka. Sun kuma gwada zuba wake a leda uku, ɗaya cikin ɗaya, kowace a ɗaure bakinta dabam. Wannan ta ƙarshe ita ta yi nisa. Ƙwaro ma numfashi yake yi. In aka rufe shi ruf, shi da kansa zai shaƙe iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa. Daga baya masanan suka gano wani abin mamaki: wake busasshe ne, tsutsar kuwa mafi yawan ruwan jikinta daga narkar da abinci da iska take samunsa, don haka in iskar ta yanke, ƙishirwa ce ke ƙarasa ta.

Dabarar ta shekara kusan ashirin tana tafiyar hawainiya, saboda ledar kasuwa sirara ce, ba ta riƙe iska. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba kuɗi, aka fito da buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, inda Ibrahim Baoua ya yi gwaje-gwaje da dama, da takwararta IITA a Kano suka shiga aikin, kamfanin Lela Agro na Kano ya kama ƙerawa. Yadda aka tallata shi ma ya dace da halin mutanenmu, waɗanda gani ya kori ji a wurinsu. A zo ƙauye da kaka, mutane su kawo wakensu a ɗaure a gaban mai gari, a bar shi wata huɗu zuwa shida, sannan a tara jama'a a kwance. An yi haka a ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka.

Duk da haka fiya-fiya bai bar sito ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan ta yi ta samun dichlorvos a cikinsa daga miligiram 0.03 har 4.6 a kowane kilo, alhali iyakarta 0.01 ce. An tsawaita hanin a 2016, aka sake tsawaitawa a 2019. Kwamitoci da tarurrukan da wannan ya haifar a Abuja sun fi waɗanda 'yan matan Doma suka samu, kuma waken da Turai ta ƙi bai je ko'ina ba, mu muka ci shi da shinkafa. A 2018 bidiyon wani ɗan kasuwa yana zuba maganin ƙwari na Sniper a wake ya karaɗe wayoyi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kantuna da kasuwanni, ko da yake abin da ya ingiza ta a lokacin shi ne yawan matasan da ke sha su kashe kansu.

Dalilin naci a kan maganin lissafi ne. Buhun PICS ya ninka buhun gama-gari kuɗi sau da yawa, ana buƙatarsa kuma daidai lokacin da aljihun manomi ya bushe, ga jabu ya shigo kasuwa. Ɓera ko ƙaya in suka huda ledar, aikin ya lalace. Manomin da zai ɗaure buhu biyu ya manta da su har damina, ya yi amfani da su shekara biyu ko uku, ribarsa a fili take. Dillalin da kayansa ke sauya hannu sau uku kafin su hau motar Legas, kowane mai saye kuma sai ya soka ƙarfe a buhu ya ga samfur, shi har yanzu kwalba ɗaya ta fi masa sauƙi.