Taƙaitaccen tarihin M.G. Smith, masanin al'ummar Zazzau

An haifi Michael Garfield Smith a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a shekarar 1921.

Ya fara karatun jami'a a Kanada, inda ya shiga aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ne ya koma Landan ya karanci ilimin nazarin al'ummomi da al'adunsu a ƙarƙashin Farfesa Daryll Forde.

A tsakanin 1949 da 1950, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, Smith ya zauna a lardin Zariya yana binciken yadda Hausawa ke noma da sana'a da kasuwanci. Ya kuma yi nazari a kan Kagoro da Adara.

A wannan zaman ne matarsa, Mary Smith, ta rubuta tarihin wata dattijuwa daga bakinta, wanda aka buga a 1954 da sunan Baba of Karo. Littafin na daga cikin na farko da suka bayyana rayuwar Bahaushiya kamar yadda ita kanta ta faɗa.

A 1960 Smith ya wallafa Government in Zazzau, inda ya kwatanta tsarin sarautar Haɓe, wanda ya samu mafaka a Abuja ta dā, wato Suleja, da na gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa da suka yi mulki bayan jihadi.

Daga baya ya rubuta The Affairs of Daura a 1978. Littafinsa a kan Kano kuwa bai fito ba sai 1997, bayan mutuwarsa.

Ya koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, da Landan, da Jami'ar Yale, kuma kafin ya koma Yale ya kasance mai bai wa gwamnatin Michael Manley ta Jamaika shawara.

Sai dai ayyukansa sun sha suka a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ƙalubalanci yadda Smith ya fassara tarihin ƙasar Hausa a matsayin takara tsakanin Haɓe da Fulani, yana mai cewa rarraba mutane gida-gida bisa ƙabila na ɓoye ainihin abubuwan da suka haddasa sauyi.

Duk da haka, da wuya mai binciken sarautar Zazzau ya kauce wa littattafansa, ko ya yarda da shi ko bai yarda ba.

Smith ya mutu a Ingila a watan Janairun 1993.