Sashe na 231 da Hujjar Zajari: Raddi ga Masu Kare Ɗaurin Wanda Ya Yi Yunƙurin Kashe Kansa

Tun daga shekarar 2024, lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta bayyana aniyarta ta ganin an cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a Nijeriya, wani ra'ayi ya yi ƙarfi a tsakanin sashen masana shari'a na Arewa, wanda na ji wani malami da nake girmama iliminsa ya tsara shi tsari mafi kyau, wato cewa soke sashe na 231 na dokar Final Kod daidai yake da halatta abin da Allah Maɗaukakin Sarki ya haramta, kuma cewa tsoron ɗauri, ko da ba a cika zartar da shi ba, zajari ne da yake tsare rayuka. Ina ganin malam ya yi daidai a muƙaddimarsa ta farko, domin haramcin kashe kai abu ne da ya tabbata a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da ingantattun hadisai, ba kuwa mai jayayya a kansa. Amma natijar da ya ciro ba ta bi muƙaddimar ba, kuma ita ce nake so in tsaya a kanta.

Tarihin sashen sananne ne ga ma'abota wannan fanni. Final Kod ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960, an gina ta ne a kan dokar Sudan, ita kuma ta Sudan ta samo asali daga dokar Indiya ta 1860, inda sashe na 309 ya tanadi irin wannan hukunci. Takwaransa a Kudu shi ne sashe na 327 na Kiriminal Kod, kuma dukansu biyu ɗaurin da suka ambata bai wuce shekara ɗaya ba. Ingila ta bar hukunta wannan aiki a 1961. Malam yakan amsa da cewa Final Kod ba ta zama doka ba sai da kwamitin masana na 1958, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat, ya ba da shawara, malaman Arewa kuma suka duba ta. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan kafa hujja da cewa asalin doka daga Turawa ya isa ya ɓata ta ba. Abin da tarihin yake nunawa kawai shi ne, adadin shekara ɗaya ba nassi ya zo da shi ba, ijtihadin mutane ne, wanda kuwa mutane suka ɗaura, mutane suna iya kwance shi.

Hujjar malam mafi ƙarfi ta fiƙihu ce. Ya ce fuƙaha'u sun haɗu a kan cewa duk saɓon da ba shi da haddi ko kaffara, shugaba yana da ikon yin ta'aziri a kansa, saboda haka sashe na 231 ta'aziri ne halastacce. Na sallama masa halaccin, amma halacci daban, wajibci daban. Ta'aziri a wurin malamanmu na Malikiyya ba ibada ba ce da ake yi don kanta, ladabtarwa ce da aka rataya ta ga maslaha, shi ya sa Alƙarafi, a cikin Alfuruƙ, da ya zo bambance shi da haddi, ya ambaci cewa yana saɓawa da saɓawar zamani da wuri, har abin da yake horo ne a wani gari ya zama ba horo ba a wani. Idan kuwa haka ne, tambayar da ta wajaba a kan mai kare sashen ba ita ce ko shugaba yana da iko ba, a'a, ita ce ko wannan uƙuba, a kan wannan mutum, a wannan zamani, tana kai wa ga manufar da aka shar'anta ta dominta, wato tsare rai, wanda Algazali da Shaɗibi suka ƙidaya a cikin larurori biyar. A nan ne nake ganin hujjar zajari take rauni, domin zajari yana aiki ne a kan wanda yake tsoron hasarar wani abu, kamar ɓarawon da yake son dukiya amma yana ƙin kurkuku. Shi kuwa wanda baƙin ciki ya rufe shi har ya yanke ƙauna daga rayuwa ɗungurungum, bayan ya san azabar da hadisi ya yi alkawari a Lahira kuma ba ta tsai da shi ba, da wuya a yarda cewa watanni goma sha biyu a gidan yari su ne za su tsai da shi, balle ma shi a ransa ba ya tsammanin zai rayu har ya tsaya gaban alƙali.

Ba na cewa duk wanda ya yi wannan yunƙuri mahaukaci ne da aka ɗauke wa alƙalami. Masu neman a soke sashen sukan yi gaggawar faɗin haka, malam kuwa yana da gaskiya da ya ƙi yarda. Akwai wanda ciwon damuwa mai tsanani ya kama, akwai wanda ƙwaya ta gusar wa hankali, akwai kuma wanda bashi, ko auren dole, ko tozarci a bainar jama'a ya tura cikin sa'a guda ya aikata abin da da ya kwana ba zai aikata ba. Sai dai rarrabe waɗannan aiki ne na likita, ba na ɗan sanda mai rubuta ƙara ba, kuma ko wanda taklifi bai faɗi daga kansa ba, abin da ya fi buƙata a daren da aka ceto shi shi ne wanda zai zauna kusa da shi, domin binciken likitoci ya daɗe da tabbatar da cewa yunƙurin da ya gabata yana daga cikin manyan alamun haɗarin sake yunƙuri.

Malam yana da wata amsa da take da nauyi. Ya ce ai ba a cika gurfanar da kowa a ƙarƙashin sashen ba, ya zama alama ce kawai ta ƙyamar al'umma, to wace cuta ce a barin alama? Ya ƙara da cewa ƙasashen Musulmi su ne suke da ƙarancin kashe kai a alƙaluman duniya, kuma da dama daga cikinsu suna hukunta shi. Game da ta biyun, mafi kusa ga hankali shi ne a danganta ƙarancin ga imani da zumunci, ba ga wani sashe da yawancin mutanen Kano ko Sakkwato ba su taɓa jin lambarsa ba. Kuma ya kamata a tuna cewa a ƙasarmu akan rufe mamaci cikin sa'o'i kaɗan, rajistar mutuwa ba ta yaɗu ba, dangi kuma sukan ce zazzaɓi ne ko ajali ne ya zo farat ɗaya, don haka alƙaluman da suke hannu ba su ɗauki nauyin da aka ɗora musu ba. Game da ta farkon kuwa, doka tana aiki ko da ba a je kotu ba. Wanda ya san unguwanninmu ya san yadda abin yake faruwa: a tarar da yarinya a ɗaki ta galabaita, uwa ta fara salati, a kawo manja ko madara a ɗura mata, wani yayanta ya ce a tafi asibiti, sai wani kawu ya ce a'a, can za a yi tambayoyi, a kira 'yan sanda, magana ta fita gari, a ƙarshe a aika yaro ya taso mai kyamis na bakin layi, alhali sa'o'in nan na farko su ne tsakanin rayuwa da mutuwa. In ta tashi, a ce iskoki ne, a yi ruƙiyya, a rufe zancen, ba wanda zai sake tambayarta abin da yake cin ta.

A nan ya zama dole in taƙaita da'awata daidai da abin da hujja ta ɗauka. Babban abin da yake sa a ɓoye shi ne kunya da gudun abin faɗa, kuma wannan ba zai gushe ba ranar da majalisa ta soke sashe na 231. Abin da doka take yi shi ne ta ƙara tsoro a kan kunya, ta kuma ba ma'aikacin lafiya dalilin rubuta wani abu daban a katin mara lafiya. Haka nan ba na da'awar cewa sokewa ita kaɗai tana rage mace-mace. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 suke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, a takardar da ta fitar a 2023, inda ta ce aƙalla ƙasashe 23 suna hukunta yunƙurin, matsayinta shi ne hukuntawar ba ta hana aikin, tana dai hana neman taimako. Misalin Siri Lanka ya isa a yi tunani a kansa: ta soke hukuncin a 1998, kuma yawan kashe kai a can ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, amma masu bincike sun danganta mafi yawan raguwar ga hana sayar da magungunan ƙwari masu tsananin guba. Abin da zan ciro daga nan kaɗan ne, amma ya ishe ni, wato cewa ambaliyar da malam yake tsoro ba ta biyo bayan sokewa ba, kuma abin da ya ceci rayuka shi ne nesanta guba daga hannun mai ƙunci. Fakistan a 2022, da Malesiya a 2023, ƙasashe ne na Musulmi masu malamai, sun soke nasu, Gana ma ta yi haka a 2023.

Akwai wani wuri da fiƙihunmu ya riga doka nisa, kuma ina mamakin yadda ba a cika kawo shi a wannan muhawara ba, wato babin jana'iza. Ibn Abi Zaid, a cikin Risala da yaranmu suke karantawa a zaure, ya bayyana cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla, kuma wannan shi ne mazhabar jumhuru. Hadisin Jabir ɗan Samura da yake cikin Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi wa wani irin wannan mamaci salla ba, malamai sun fassara shi da cewa shi ya janye ne don tsawatarwa, bai kuwa hana sahabbai ba; a littafin nan dai akwai ƙissar abokin hijirar Ɗufailu ɗan Amru, wanda Annabi ya roƙa wa gafara, Annawawi kuma ya kafa hujja da ita cewa mai wannan zunubi bai fita daga Musulunci ba. To, idan shari'a ba ta hana wanda ya cika aikin wanka da likkafani da salla da kabari a maƙabartar Musulmi ba, yana da nauyi a ce ita ce take tilasta mana kai wanda Allah ya kuɓutar gidan yari.

Duk da haka, a aikace iyalan irin wannan mamaci su ne suka fi kowa rasa ta'aziyya. Akan ga liman yana jan ƙafa, maƙwabta su zo su ce "Ya haƙuri?" da murya ƙasa-ƙasa su tashi ba su zauna ba, tabarmin zaman makoki su kwana uku ba su cika ba, matar kuma ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma tana jin ana raɗa cewa ita ta ja masa. Waɗannan mutane ba su yi zunubin kowa ba, kuma bincike ya nuna cewa waɗanda aka bari a bayan irin wannan mutuwa su ma suna cikin haɗari fiye da sauran masu makoki. Majalisun malamai za su iya gyara wannan ba tare da jiran wata doka ba, ta hanyar sanar da limamai hukuncin da yake cikin littafin da suka riga suka karanta.

Abin da ya rage shi ne aikin majalisa, kuma a nan akwai wani tarko da masu fafutuka a Abuja sukan manta da shi. Dokar laifuffuka a mafi yawan al'amura hurumin jihohi ce, saboda haka ko Majalisar Tarayya ta yi gyara, sai majalisun Kano da Katsina da Barno da sauransu kowace ta taɓa tata dokar kafin abin ya isa ga talaka. Jihar Legas ta riga ta nuna hanya, da ta sa kotu ta ba da umarnin kai mutum asibiti a maimakon kurkuku, ko da yake ni na fi son kada ma a bi ta kotu. Sannan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ba za ta yi amfani ba muddin mutumin ƙauye sai ya yi tafiya zuwa Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri kafin ya ga mai duba shi. Dole ne a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa su kuma bibiyi wanda aka sallama. Hukuncin wanda ya zuga wani ko ya taimaka masa ya kashe kansa kuwa, wannan a bar shi yadda yake, ba ni da saɓani da malam a kansa ko kaɗan.