Daga Bindigar Mungo Park a Yawuri Zuwa Hayaƙin Kabayid: Tarihin Baƙanta Saitin Bindiga

Da yawa daga cikinmu idan jarumin labari ya ɗaga bindiga, abin da ke biyo baya shi ne "tana ta ƙyalli a cikin rana". Daga finafinai muka kwaso wannan. Ga mai harbin gasa, ƙyalli a kan saiti asara ce, kuma sama da shekara 100 ke nan gwanayen harbi suna shafa wa saitinsu baƙi da gangan. Bari mu faro zancen daga gida, daga ƙasar Yawuri.

A farkon 1806 Mungo Park ya iso Yawuri a cikin jirgin ruwansa, bayan ya taso daga Sansandin a watan Nuwamba na 1805. A nan ya rabu da tafintansa Amadi Fatuma, ya aika wa sarki kyauta, ya gangara Busa inda ajalinsa ya same shi a cikin kogin Kwara. Bayan shekara 24, a tsakiyar 1830, Richard Lander da ƙanensa John suka zo Birnin Yawuri neman takardun Park. Sun yi makonni a garin, takardu ba su samu ba. Sai dai sun rubuta cewa sun tarar da wata bindiga mai baki biyu daga cikin kyautar da Park ya bai wa sarki, har suka ba da tasu bindigar harbin tsuntsu a madadinta.

Irin waɗannan bindigogi, da adaka ko bindigar toka da maƙeranmu suka gwanance wajen ƙerawa, cikin bututunsu sumul yake. Ana ɗura albarushi ta baki, a matsa kusa da abin harbi, a ja kunama. Ba su da wani saiti na a zo a gani, wata ɗan ɗigon ƙarfe ne kawai a bakinta. A taku 30 ko 40, hasken rana bai isa ya ɓata wa maharbi lissafi ba. Shi ya sa sojojin Ingila na zamanin Park ma gogar bindigoginsu suke yi har su ɗauki ido, kuma ana ganin hakan ado ne.

Matsalar ta taso ne da aka yawaita bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu, wadda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, ya yi nisa ba tare da ya kauce ba. A 1859 aka kafa ƙungiyar masu harbi ta ƙasar Ingila. A watan Yuli na 1860 ta yi gasarta ta farko a Wimbledon, Sarauniya Biktoriya ce ta yi harbin buɗewa da bindigar Whitworth daga nisan yadi 400, ta hanyar jan igiya. A zagayen ƙarshe na kyautar sarauniya har yadi 1,000 aka harba, wani matashi Edward Ross ya lashe. A 1890 gasar ta koma Bisley. A Amurka kuma tun 1907 ake yin babbar gasar ƙasa a Camp Perry da ke jihar Ohio.

A nan ne ya kamata mu tsaya, domin nan ne marubuci zai samu abin aiki. Saitin ƙarfe guda biyu ne: ɗan tsinin ƙarfe a bakin bindiga, da tsaga ko ɗan rami a baya kusa da ido. Mai harbi yana daidaita tsinin gaba a tsakiyar tsagar baya, sannan ya ɗora su a kan abin harbi. To, idan rana ta bugi tsinin daga dama, gefen daman zai yi walƙiya, ido kuma ya ɗauki wannan walƙiyar a matsayin tsakiyar tsinin. Da ya kai ta tsakiyar tsaga, ainihin tsinin ya riga ya karkata hagu, harsashi ma hagu zai bi. Wato harbin yana gudun haske. Mu yi lissafi: a ce tsakanin saitin gaba da na baya santimita 60 ne, ido ya ruɗu da rabin milimita kacal. A nisan mita 100 harsashi zai kauce da kimanin santimita 8. A mita 500 ya haura santimita 40. Mutum bai yi rawar hannu ba, numfashinsa daidai, iska ba ta kaɗa ba, amma kofi ya tafi gidan wani.

Maganin da suka samo kowace tsohuwa mai girki da itace ta san shi: kunkunniya. Baƙin hayaƙi ba ya mayar da haske, shanye shi yake yi. Sai a goge maiƙon da ke kan saitin, a kunna kyandir ko ashana ko ɗan guntun kafur, a riƙa kara ƙarfen a kan harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin. Bayan da Thomas Willson ya gano hanyar sarrafa kabayid da yawa a 1892, fitilar kabayid ta shiga ramukan haƙar ma'adinai, daga can ta faɗa jakar masu gasa. Kabayid ɗin nan dai shi ne na masu walda, wanda wasu marasa tsoron Allah ke nuna ayaba da mangwaro da shi. A ɗiga masa ruwa ya fitar da iskar gas, a kunna, ya ba da hayaƙi mai laushi wanda har yau masu gasa ke cewa ya fi fentin feshi baƙi. Rauninsa ɗaya, da yatsa ko riga ta taɓa shi ya goge, dole a sake. Daga baya maƙera suka yi wa tsinin gaba 'yar rumfa, wasu suka tsattsaga fuskarsa don ta karya haske. A gasar Olamfik ta mita 10 da mita 50 har yanzu ba a yarda da madubin hangen nesa ba, saitin gaban yana zaune ne a cikin ɗan bututu da ke yi masa inuwa.

Ni abin da ke ba ni sha'awa shi ne, baƙin tukunyar da malamai ke haɗawa da ƙaro su yi tawadar allo ɗan uwan wannan hayaƙin ne. Mu da masu harbi ashe abu ɗaya muke tattali.

Wanda zai kafa labarinsa a Yawuri yana da ƙarin abin lura. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa da dama, aka sauya wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Yelwa da Ngaski da Wara duk a gabashin ruwan suke, saboda haka duk wanda ya fuskanci tafkin da la'asar sakaliya rana ce a gabansa. Hasken na zuwar masa ta sama, yana kuma tasowa daga kan ruwa, ta inda malafa ba ta karewa. Idan maharbinka ɗan gargajiya ne mai adaka, kada ka ba shi fitilar baƙanta saiti, ka bar shi ya lallaɓa ya matso kusa, ya zagaya har ranar ta koma bayansa. Idan kuwa soja ne ko ɗan sanda da aka horar da harbin nesa, ashana ɗaya ta ishe shi ya murtuke saitinsa kafin ya kwanta, sannan ya kiyaye kada hannun rigarsa ya goga.