Daga Kwalta Zuwa Allura: Tarihin Sauya Maganin Soriyasis

Ƙarnoni da dama likitocin Turai suna sanya soriyasis a sahun kuturta, har sai da Ferdinand von Hebra na Biyana ya raba su a 1841. Cuta ce da ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Fata ce ke gaggawar sabuntawa, ta yi kauri da ɓawo, musamman a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai. A baƙar fata tabon yakan yi duhu ko launin toka, shi ya sa a Kano akan ɗauke shi makero ko kyasbi.

Maganin ya daɗe yana sauyawa. A 1925 William Goeckerman ya haɗa kwalta da hasken fitila na musamman. A 1972 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da methotrexate. A 1979 aka lura cewa cyclosporine, mai danne garkuwar jiki, yana share tabon, aka fahimci cewa tushen cutar yana cikin garkuwar.

Wannan fahimta ta haifar da alluran bayolojik, waɗanda ake samarwa daga rayayyun ƙwayoyin halitta, kowacce tana toshe saƙo guda na garkuwar jiki. Alefacept ta zo a 2003, etanercept a 2004, adalimumab a 2008, ustekinumab a 2009, secukinumab a 2015. An janye efalizumab a 2009 saboda wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da ta kama wasu masu amfani da ita.

A ƙasashe masu arziki, likita kan sauya allura idan ta ƙi aiki tun farko, ko jiki ya ƙera makaman da ke rage mata kaifi, ko ta jawo illa. Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi kuwa, duk da yana maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma yake cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, lissafinsa daban ne. Kuɗi na iya ƙarewa a tsakiyar magani. Allurar tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8 a garin da wuta ke ɗaukewa. Katsewa da komawa kuma na iya sa ta daina kamawa.

Akwai haɗari mafi girma. Allura irin adalimumab tana iya tayar da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da cututtukan biyu suka yawaita. Gwaji kafin farawa, da kafin sauyawa, wajibi ne.

Tun 2018 takwarorin adalimumab masu rahusa suka shiga kasuwar Turai, farashi ya sauka. Amfanin hakan zai isa Tarauni ne idan ya taho tare da ɗakin gwaji, da firiji mai aiki, da inshorar da za ta biya har ƙarshe. Kafin nan, shawarar sauya magani ta likitan fata ce, ba ta mai kemis ba.