Haɗa lasifikar silin da amfilifaya: lissafin da ake yi kafin a ɗaura waya

Lasifikar da ake kafawa cikin silin ko bango ba ta da wutar kanta. Wayoyi biyu ne kawai ke fitowa daga bayanta, sai an kai su ga amfilifaya, wadda masu shaguna a Abidjan ke kira “ampli”. A Bromakoté da sauran unguwannin Adjamé da Treichville, ana ganin irin wannan haɗi a falo, a kanti, a makarantun Islamiyya da masallatan unguwa. Kayan ba su da wuyar samu, Black Market na Adjamé na nan kusa. Abin da ya fi ƙona ampli shi ne rashin lissafin ohm.

Ohm ma'auni ne na yadda lasifika ke tare wutar da ampli ke turo mata. Yawancin lasifikun gida ohm 8 ne, wasu 6 ko 4, kuma a bayan kowace ampli, kusa da inda ake ɗaura waya, an rubuta mafi ƙanƙantar adadin da za ta iya ɗauka. Idan aka haɗa lasifika biyu masu ohm 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, adadin ya koma 4. Idan huɗu ne, ya koma 2. To, a nan ne ake shiga uku, domin raguwar ohm na sa ampli ta ja wuta fiye da ƙarfinta, ta yi zafi, ta riƙa ɗaukewa, wata rana ta ƙone. Mai gida kuwa sai ya ɗora wa kamfanin CIE laifi.

Akwai mafita. A jera biyu bi da bi, wato baƙar wayar ta farko ta shiga jar ta biyu, sai su ba da ohm 16. A yi wa sauran biyun haka, sannan a haɗa jerin biyu a baki ɗaya: an dawo ohm 8, lasifika huɗu na aiki, ampli ba ta wahala. Wanda ya tarar da wayoyi cikin bango bai san abin da ke ƙarshensu ba, ya auna da mitar gwaji. Lasifika mai ohm 8 kan nuna wajen 6 ko 7, kuma wannan daidai ne.

Gane ja da baƙi ma abu ne mai sauƙi. A taɓa wayoyin biyu a jikin batirin tocila mai volt 1.5 na ɗan lokaci. Idan fatar lasifikar ta turo waje, wayar da ke kan alamar + ita ce ja. In aka juya guda ɗaya ba abin da zai ƙone, amma sautin zai yi siriri, ƙarar ganga ta ɓace.

Masallaci da babban gida mai tsakar gida ɗaya lamarinsu daban ne. Inda lasifiku suka yi yawa, waya ta yi tsawo, gara a nemi tsarin da ake kira “ligne 100 V” da Faransanci. A Amurka volt 70 suke amfani da shi. Kowace lasifika tana da ƙaramar tiransfoma, kuma wat ake tarawa, ba ohm ba: goma masu wat 6 sun zama 60, ampli mai wat 120 za ta ɗauke su da rara. Sai dai kada a ɗaura lasifikar gida marar tiransfoma a bakin 100 V, ba za ta daɗe ba.

Game da waya, mai kaurin 1.5 mm² ta isa ɗaki, 2.5 mm² ga tafiya mai nisa. A nemi jan ƙarfe zalla, domin akwai ta alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe, tana da arha amma saurin karyewa gare ta. Danshin Abidjan, birnin da ke bakin tafkin Ébrié, yana sa bakin waya ya yi kore, don haka a matse shi sosai, kada a bar ko zare ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa. Kada kuma a zura ta bututu ɗaya da wayar wutar gida mai volt 220. A cire ampli daga soket kafin a taɓa komai, a kunna da murya ƙasa-ƙasa, bayan rabin sa'a a ɗora hannu a ji zafinta.