Kafin ka tashi duron da dare a Kaduna: tarihin 'yar fitilar nan mai walƙiya

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, sai ku yi haƙuri da ni, musamman ku matasan da kuka rungumi sana'ar ɗaukar hoto da ƙaramin jirgin nan maras matuƙi, wanda kowa ke ce wa duron.

Ranar Asabar da ta wuce muna walimar auren 'yar ƙanwata a Malali. Bayan isha'i aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto sai yaron da ke ɗaukar bidiyo, ɗan wani abokina ne, ya ga dama ta samu ya ɗauki taron daga sama. Ya saki duron ɗinsa. Ba ka ganin komai, sai dai ƙara kamar ta taron zuma a saman kanka. Nan take wata dattijuwa cikin dangin ango ta saka salati, ta fizgi jikokinta biyu ta yi cikin gida da su, har ta bar takalminta. Wasu suka fara dariya. Da aka ce ai daga wani ƙauye na Igabi ta zo, sai wurin ya yi tsit.

Na ce masa, "Kai, sauke abin nan." Ya ce, "Kawu, aikina ne fa, kuma an biya ni." Ya dai sauke. Washegari sai ga shi a gida, ya ce ya kwana yana tunanin matar nan, kuma ya ji ana sayar da wata 'yar fitila mai walƙiya da ake liƙa wa duron, wace iri zai saya? Na ce ya zauna, don amsar tana da tarihi, kuma rabin tarihin a garin nan aka yi shi.

Mu fara da gida. A ƙarshen Oktoban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, bayan 'yan kwanaki suka ƙaraso Kaduna. Su ne jiragen sama na farko da suka shigo Najeriya. A 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Najeriya da taimakon Jamus ta Yamma, kuma a Kaduna aka kafa sansanin horo. Har gobe a sansanin nan na Mando ake koya wa sababbin matuƙa tuƙi. Duk wanda ya tashi a Kawo ko Unguwar Dosa ko Hayin Banki ya san ƙarar ƙananan jiragen koyo da ke zagaye ƙasa-ƙasa. Ga jirage masu saukar ungulu, ga na fasinja da ke nufar babban filin jirgi. Kun tuna 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyara, jirage da yawa suka dawo nan? To sararin Kaduna ba fili ba ne da babu kowa, hanya ce mai cunkoso shekara ɗari ke nan.

Shi kansa duron ɗin ba baƙo ba ne a nan. A Disamban 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya zo Kaduna ya ƙaddamar da jirgi maras matuƙi da injiniyoyin sojan samanmu suka haɗa, sunansa Gulma. Ranar 15 ga Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da wani, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal, sunansa Tsaigumi. Ku dubi sunayen nan da kyau. Gulma da tsegumi, wato abin da ke leƙen ka ba ka sani ba, ya kai rahoto. Ga soja wannan shi ne aikin, ana so ya gani ba a gan shi ba. Amma kai mai ɗaukar biki ba leƙen asiri ka zo yi ba, don me za ka yi kama da mai leƙen asiri?

Sai kuma daren 3 ga Disamban 2023. Mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi suna taron Mauludi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, wasu ƙungiyoyi suka ce adadin ya haura haka, kuma rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Allah ya jiƙan su da rahama. Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba: wancan jirgin yaƙi ne, ba ruwansa da ɗan duron ɗin biki, kuma babu fitilar da za ta hana abin da ya faru. Abin da nake cewa shi ne, tun daga daren nan, ƙara a sama cikin duhu a kan taron jama'a ta canza ma'ana a jihar nan. Dattijuwar Malali ba ƙauyanci ta yi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To ita fitilar, daga ina ta samo asali? Daga ruwa ta fito kafin ta hau sama. Da jiragen ruwa masu injin tururi suka yawaita a ƙarni na 19, sai karo da dare ya yi yawa, don kowa na gudu kuma ba wanda ya san inda ɗan'uwansa ya dosa. A 1848 hukumar jiragen ruwan Ingila ta kafa doka: jar fitila a hagu, koriya a dama, fara a saman jirgi. Hikimar ita ce, daga nesa in ka hango ja da kore tare, ka san jirgin kai yake fuskanta. In ja kaɗai ka gani, gefensa na hagu kake kallo. A 1889 ƙasashe suka taru a Washinton kan dokokin teku, tsarin ya zama na duniya. Da jirgin sama ya zo, yarjejeniyar Faris ta 1919 kan zirga-zirgar sama ta ɗauko launukan nan yadda suke. Shi ya sa yau in jirgi ya wuce ta saman gidanku da dare za ka ga ja a fiffiken hagu, kore a na dama.

Amma fitila mai ci a tsaye tana da matsala guda: daga nesa tana ɓacewa cikin taurari da fitilun gari. Idon ɗan Adam kuwa abin da ke motsi ko ƙyaftawa yake fara kamawa. Nan aikin wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Harold Edgerton, ya shigo. Tun wajen 1931 yake aiki kan fitilar lantarki da ke tara wuta ta sake ta lokaci guda, kamar walƙiyar hadari. Don ɗaukar hoto ya fara yin ta, har aka yi amfani da manyanta wajen ɗaukar hoton Normandi daga sama da dare a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga baya irin wannan walƙiya ta zama fitilar hana karo a jikin jirage. 'Yar abar da ake sayarwa yau don duron jikanyar waccan ce, sai dai yanzu da ƙwan LED ake yin ta, shi ya sa ta koma kamar akwatin ashana ko ƙasa da haka.

Da ƙananan duron suka cika duniya, sai tsohuwar matsalar 1848 ta dawo. A Disamban 2018 rahoton ganin duron ya tsayar da filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka kusan 1,000, fasinja wajen 140,000 suka yi cirko-cirko. A Amurka, daga Afrilun 2021 aka yarda masu lasisi su tashi duron da dare, da sharaɗin yana ɗauke da fitilar hana karo da ake hangowa daga mil 3, kusan kilomita 5, kuma tana ƙyaftawa. Wannan ma'aunin ne za ka ga an rubuta a kwalin yawancin fitilun da ke shigowa kasuwa.

Ga abin da na faɗa wa yaron nan game da zaɓi.

Na farko, nauyi. Ƙananan duron irin DJI Mini gram 249 aka yi su da gangan, saboda ƙasashe da yawa sun sa iyakar rajista a gram 250. Ka ga ko fitila mai gram 6 ka ɗora, ka tsallake wannan layin. Ban da doka ma, kowane gram batir yake ci. Ga ƙaramin duron ka nemi wadda ba ta wuce gram 10 ba ko kusa da haka. Babba mai nauyin kilo ɗaya zai ɗauki biyu ko uku bai ji ba.

Na biyu, nisan gani. Kada ka yarda da rubutun kwali kawai. Ka ɗora fitilar a saman bene da dare, ka tura abokinka a babur ya yi nisa yana kallo, ku yi waya. Kuma ka tuna nan Kaduna ce: mil 3 da aka auna a sarari mai tsabta ba zai kai haka ba a hazon Disamba da Janairu, lokacin da manyan jirage ma kan kasa sauka. Ranar da hazo ya yi kauri, ka bar duron a jaka.

Na uku, launi da ƙyaftawa. Fara ta fi kowace nisa, ita ce ta hana karo. Ja da kore amfaninsu ka gane inda jirginka ya fuskanta, kuma in za ka sa su, ka bi tsarin da aka gada: ja hagu, kore dama. In ka juya su, ƙarya kake yi wa duk matuƙin da ya hango ka. A manyan jirage ƙa'idar ƙyaftawa tsakanin sau 40 zuwa 100 ce a minti, kai ma ka zaɓi saitin da ya faɗo cikin wannan. Ka guji mai canza launuka bakwai kamar ta gidan rawa.

Na huɗu, wurin liƙawa. Ta sama don matuƙin jirgin da ke bisa kai ce, ta ƙasa don mutanen da ke ƙasa. A garin nan ni dai na ce a sa duka biyun in duron zai ɗauka. Kada ka rufe inda na'urar GPS take, kada ka toshe idanun da ke hana shi karo, kuma ka duba hasken ba ya faɗa wa kyamara ko farfela. Ka goge ƙura kafin ka manna, don gam ba ya kama ƙura, ka girgiza da hannu ka tabbatar ba za ta faɗo kan wani ba.

Na biyar, batir. Ka sayi mai batirinta daban da ake caji da wayar caja, wadda za ta yi awanni, ba wadda za ta mutu kafin a gama ɗaukar amarya ba. Kada ka bar ta cikin mota a zafin Maris da Afrilu. In ka ga ta kumbura, ta gama aiki.

Sai babbar magana, wadda ta fi duk biyar ɗin nan. Fitila ba lasisi ba ce. Tun Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin duron ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Arewacin Kaduna kuwa cike yake da wuraren da ba a wasa da su: sansanin sojan sama, hedikwatar runduna ta ɗaya a Kawo, makarantar horar da hafsoshi ta NDA a tsohon mazauninta da sabon na Afaka. In bikin yana kusa da waɗannan, ka gaya wa masu biki gaskiya, ka ɗauka daga ƙasa. Kuɗin aiki ɗaya bai kai a ƙwace maka kayan sana'a ba, balle ran ɗalibin matuƙi da ke koyon saukar dare. Inda kuma aka halatta, kada ka wuce mita 120 sama, kada ka bari ya ɓace wa idonka.

A al'adarmu ba a faɗa wa gidan mutum sai da sallama. Fitilar nan sallamar duron ce, tana cewa ga ni nan, ga inda na dosa, ba ɓoye nake ba. Amma sallamar baki ta riga ta. Kafin ka tashe shi, ka sa mai sanarwa ya faɗa a lasifika cewa za a ɗauki hoto daga sama, kada kowa ya firgita. Ka leƙa wajen iyaye mata ka nuna musu abin a hannunka. In unguwa ce, ka gaya wa mai unguwa da 'yan sintiri.

Yaron ya yi odar guda biyu, fara ta sama da ja ta ƙasa. Kafin su iso, jiya shi da mahaifinsa sun je gidan da dattijuwar ta sauka, ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya miƙa mata duron ɗin ta riƙe. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Ɗan nan, ashe wannan ɗan abin ne ya hana ni barci?"

Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a wannan sana'a, don Allah ya tura masa. Masu sana'ar kuma, in akwai abin da na bari, ku ƙara a ƙasa mu ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya a Kaduna da ƙasa baki ɗaya.